Yadda ake shafa wa irin wake, gujiya da waken suya ƙwayoyin rizobiyom kafin shuka

Idan aka tono gindin wake lokacin da ya fara fure, aka wanke saiwar a cikin ruwa, za a ga wasu ƴan ƙuraje manne a jikinta, girmansu daga ƙwayar hatsi zuwa ƙwayar dawa ko fiye. Manoma da yawa suna ɗaukarsu ciwo, alhali mazaunin wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu suna rizobiyom, waɗanda ke rayuwa cikin ƙasa, su shiga saiwar tun shukar tana ƙarama. Aikinsu shi ne ɗebo sinadarin naitrojin, wanda malaman gona a nan Nijar ke kira azot, daga iskar da ke ratsa ƙasa, su mayar da shi abin da shuka za ta iya sha. Ita kuma shukar tana ciyar da su da sukarin da ganyenta ke haɗawa da hasken rana. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitrojin ne, amma hatsi da dawa da masara ba su da hanyar cin moriyarsa. Dangin wake ne ke da ita: wake, gujiya wato gyaɗa, waken suya, kwaruru, har da itatuwa irin su gawo da dakwara.

Abin ba kaɗan ba ne. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitrojin. Hekta ɗaya ta wake zalla, wadda ta cika da shuka kuma saiwarta ta yi ƙuraje masu aiki, tana iya ɗebo abin da ya kai buhu biyu ko fiye a damana guda. Waken da aka yafa jefi-jefi a tsakanin hatsi ba zai kai ko kusa da haka ba, domin yawan gindi shi ne yawan aikin.

Tun shekarar 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, ya ware wannan ƙwaya daga saiwa ya raine ta, kuma a 1896 aka fara sayar da ita ga manoma a Jamus. Yau Brazil tana noman waken suya a miliyoyin hekta kusan ba tare da takin naitrojin ba, da wannan dabara. Abin da ake sayarwa baƙin gari ne mai ɗan laima a cikin leda, kuma a cikin kowane giram akwai miliyoyin ƙwayoyi masu rai. Wannan kalmar, masu rai, ita ce za a riƙe. Kusan duk asarar da ake yi da garin nan daga mantawa da ita take.

Wane amfani ne ke buƙatarsa

Ba kowace gona ba, ba kuma kowane iri ba. Waken suya shi ne a gaba. Baƙo ne a ƙasarmu, kuma ƙwayar da ta dace da shi, wadda za a ga an rubuta Bradyrhizobium japonicum a jikin fakiti, ba kasafai take cikin gonar da ba a taɓa shuka shi ba. Mai son gwada waken suya a wajen Madarunfa, Dan Isa ko Gabi, inda ruwa ya fi sauka, ko a filin ban ruwa na Jiratawa, kada ya shuka ba tare da garin ba. Ire-iren da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar masu lamba TGx suna iya ƙulla hulɗa da ƙwayoyin da suka tarar a ƙasa, amma su ma sun fi yin kyau idan an shafa musu. Ita cibiyar ce kuma ke yin garin NoduMax, wanda na waken suya ne kaɗai.

Wake da gujiya labarinsu daban. Sun daɗe a ƙasar Maradi, ƙwayoyin da ke tafiya da su suna nan a mafi yawan gonaki, don haka sau da yawa sukan yi ƙuraje ko ba a sa musu komai ba. Matsalar ita ce ƙwayoyin gida ba duka ne masu ƙwazo ba: wasu su kama wuri a saiwa, su ci abincin shuka, su ɗebo naitrojin kaɗan. A arewacin Gana an gwada wasu zaɓaɓɓun ƙwayoyi daga Brazil a kan wake, amfanin ya ƙaru. A wasu wuraren kuma an shafa, ba a ga bambanci ba. Inda ya fi dacewa a kashe kuɗi a kai shi ne jigawar da ta gaji, wadda ta yi shekaru ana maimaita mata hatsi babu wake babu gujiya, da filin da iska ta kwashe masa ƙasar sama, da gonar da aka tono wakenta bara aka ga saiwa fayau ko ƙurajen farare ne a ciki, alamar ba sa aiki. Wanda gonarsa ke ba da ƙuraje masu yawa masu ja, alamar suna aiki, kuɗinsa ya fi amfani a takin supa.

A kula da sunan amfanin da ke jikin fakiti. Garin waken suya ba zai yi wa gujiya aiki yadda ake so ba, na gujiya kuma ba zai yi wa waken suya ba.

Saye da ajiya

Garin ba ya yawo a kasuwa kamar takin zamani. Hanyar da ta fi aminci ita ce ta malamin gona, ko ƙungiyar manoma ta haɗa buƙatarta ta yi oda tare, ko a nemi shawarar masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Tarna. Kafin a biya, a duba abu uku. Ranar ƙarewar aiki, domin yawanci watanni 6 ne ƙarfinsa. Ledar, kada ta kasance a huje ko a buɗe. Sai inda mai kayan ya ajiye shi. Fakitin da ya yini a kan tebur a rana, ko ya yi tafiya daga Katsina ta Jibiya da Dan Isa a bayan mota cikin zafin watan Mayu, yana iya zama gawa ko da ranarsa ba ta wuce ba, kuma ido ba zai gane ba. Ƙwayoyin suna fara mutuwa da zarar zafi ya haura digiri 35 zuwa 40, bazarar Maradi kuwa tana wuce nan kusan kullum.

A gida, wurinsa ƙasan firji, inda ake sa kayan miya, ba wajen ƙanƙara ba. Inda babu wuta, a sa fakitin cikin wata leda a ɗaure, a saka shi cikin tukunyar ƙasa, a binne tukunyar zuwa wuya cikin yashi mai laima a inuwa ko kusa da randa, a riƙa yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma. Kada a ajiye shi a ɗaki mai rufin kwano, kada kuma ya kwana wuri ɗaya da maganin ƙwari ko buhun taki. Mafi sauƙi dai a saye shi kusa da shuka, ba tun watan Maris ba. Fakitin da aka buɗe, ranar nan za a gama da shi.

Shafawa

Ma'aunin da aka fi bi shi ne fakiti mai giram 100 ga kilo 15 na iri, kusan tiya 6 ke nan, ko da yake tiya tana bambanta, gara a ɗora a sikeli. Wasu masu yin garin sun ce giram 100 ga kilo 10. Abin da takardar fakitin ta faɗa shi za a bi. Ƙari ba ya cutar da iri, ragi ne ke cutarwa. Da wannan lissafi, hekta ɗaya ta gujiya ko waken suya, mai cin kilo 50 zuwa 60 na iri, tana buƙatar fakiti 4 zuwa 6, ta wake zalla mai cin kilo 20 zuwa 25 kuma fakiti 2.

Garin ba ya manne wa busasshen iri, sai da abin liƙi, kuma babu wanda ya kai ƙaro. Ana daka giram 30 na ƙaro mai tsabta, wajen babban cokali biyu a cike, a zuba cikin ruwa mai ɗumi santilita 30, wato cikin ƙaramar kwalbar lemo, a girgiza har ya narke. Ƙaro yana da jinkirin narkewa, don haka a jiƙa shi tun dare. Idan babu, babban cokali biyu na sukari a ruwa daidai wannan zai yi, sai dai bai kai ƙaro riƙo ba, kuma yana kiran tururuwa. Ruwan ya huce sarai kafin ya taɓa garin. A yi amfani da ruwan rijiya ko na sama. Ruwan famfon cikin gari yana da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, shi kuma bai san mai amfani da mai cutarwa ba. Idan shi kaɗai ake da shi, a bar shi a buɗe ya kwana.

A zauna a inuwa mai kyau, ƙarƙashin itace ko rumfa. A zuba irin cikin roba mai faɗi wadda ba ta taɓa ganin maganin feshi ko kalanzir ba. A yayyafa ruwan ƙaron kaɗan-kaɗan ana juyawa da hannu, har kowace ƙwaya ta yi sheƙi amma babu ruwa kwance a gindin robar. Sannan a barbaɗa garin a ci gaba da juyawa a hankali har irin ya yi baƙi-baƙi bai ɗaya. Idan an ɗebo cikin tafin hannu aka ga wasu ƙwayoyi fes, juyin bai isa ba. Daga nan a shanya a kan buhu ko tabarma, a cikin inuwar dai, minti 15 zuwa 30, har ya daina mannewa a hannu.

Gujiya tana son a bi ta sannu. Jar fatarta siririya ce, da ta sha ruwa sai ta tattare ta saluɓe, ƙwayar ta rabe biyu, wadda ta rabe kuwa ba ta tsira. A rage ruwan, a raba irin kashi-kashi kamar tiya biyu-biyu, a sa shi cikin babbar leda ko ƙwarya a jujjuya maimakon murzawa da hannu. Waken suya ma fatarsa tana kumbura idan ruwa ya yi yawa. Mai shuka da injin da dabba ke ja ya tabbata irin ya sha iska sosai, in ba haka ba zai dunƙule ya toshe ramukan faifan, a gama layi babu abin da ya sauka.

Ranar shuka

A nan ne aiki ya fi lalacewa. Irin da aka shafa, ranar za a shuka shi, cikin ƴan awoyi in da hali. A shafa daidai abin da masu shuka za su iya gamawa da safe, in an dawo da la'asar a sake shafa wani. A kai shi gona a rufe da ɗanyen tsumma, a ajiye a inuwa, kowa ya riƙa ɗiba kaɗan a ƙwarya. Mai sungumi yana sara, mai zuba iri yana bin sa yana rufewa nan take. Ramin da aka bari a buɗe da iri a ciki na rabin awa a ranar tsaka, ƙwayoyin da ke kansa sun tafi.

Ba a yin binne da irin da aka shafa. Yashin jigawa da ya bushe yana wuce digiri 50 da rana, ƙwayoyin ba za su kai kwana biyu a cikinsa ba, balle su jira ruwan da ba a san ranar zuwansa ba. A jira ruwa mai ƙarfi, kamar milimita 20 ko fiye, wanda idan aka tona laima ta kai tsawon tafin hannu, sannan a shuka a zurfin santimita 3 zuwa 5. Idan an shafa, wani uzuri ya hana shuka har kwana ya zagayo, a sake shafawa da sabon gari.

Maganin iri kuma fa? Da yawa daga garin da ake sa wa iri don tsare shi daga ruɓa da ƙwari yana rage waɗannan ƙwayoyi, musamman mai sinadarin tagulla ko kaftan. Idan dole ne a haɗa, a fara sa maganin, a bar shi ya bushe, a shafa rizobiyom daf da shuka, a ninka yawansa. Wata hanyar ita ce a raba su gaba ɗaya: a gauraya kimanin kilo 2 na garin rizobiyom da kilo 25 na ruɓaɓɓen taki mai laushi da kilo 25 na ƙasa mai laima don hekta ɗaya, a riƙa jefa ɗan kaɗan a rami kafin iri. Tana cin gari da yawa, amma ta dace da gujiya, domin ba a jiƙa fatarta ko kaɗan.

Supa kafin komai

Ƙasar yashi ta jihar Maradi tana da ƙarancin sinadarin fosfor ƙwarai, kuma ƙurajen saiwa suna cinsa da yawa. Shafa gari a gonar da babu fosfor kamar ɗauko ƴan ƙwadago ne a hana su abinci. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa wasu suka gwada suka ce abin ba ya aiki.

Takin supa, wanda ake rubuta SSP a buhunsa, shi ya fi dacewa, domin bayan fosfor yana da kalsiyom da farar wuta, gujiya kuwa tana buƙatar kalsiyom don kwansonta ya cika. Buhu 2 a hekta shi ne mafi ƙaranci ga wake da gujiya, waken suya yana son 3 zuwa 4. Wanda bai da ƙarfin haka ya bi hanyar ɗan tsunkule da aka gwada a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore: giram 2 na takin DAP, abin da yatsu uku ke ɗauka, ko giram 6 na takin 15-15-15 a kowane gindi. Ko wanne ne, kada ya taɓa irin. A sa shi a gefe, tazarar yatsu uku zuwa huɗu, a rufe. Gishirin taki yana ƙone ƙwayoyin, haka ma toka. Ba a taɓa gauraya iri mai gari da takin zamani a ƙwarya ɗaya.

Takin gida da ya ruɓa sosai yana taimakawa ta wata fuska: yana riƙe laima, yana sanyaya ƙasa, yana rage tsamin yashi, duka ukun kuwa ƙwayoyin na so.

Yuriya ita ce ake yi wa kashedi. Mako biyu zuwa uku bayan tsira, abincin da ke cikin ƙwayar iri ya ƙare, ƙurajen ba su gama kama aiki ba, sai a ga ganye ya ɗan yi fari-fari. Nan ne hankalin manomi ke tashi ya watsa yuriya. Shukar da ta samu naitrojin a sauƙaƙe tana daina ciyar da ƙwayoyin, ƙurajen su tsaya, a tashi da yabanya mai yawan ganye da ƙarancin ƴaƴa. A yi haƙuri kwana 10. Idan ƙurajen na nan, launin zai dawo kore shar da kansa. Mai haɗa wake da hatsi ya sa yuriyarsa a gindin hatsi kawai.

Duba saiwa

Mako 5 zuwa 6 bayan shuka, wajen fara fure, a zaɓi gindi 10 daga sassa daban-daban na gonar. Ba a fizgowa, domin ƙurajen za su tsinke su zauna a ƙasa. A tona da dagi ko hauya kewaye da gindin, a ɗago shi da ƙasarsa, a tsoma cikin bokitin ruwa a girgiza a hankali.

A fara da inda suke. Ƙurajen da suka taru a kan uwar saiwa, kusa da inda ƙwayar iri ta zauna, yawanci na garin da aka shafa ne, domin su suka riga shiga. Waɗanda suka watsu can a ƙananan saiwoyi na ƙwayoyin gida ne. Na gujiya ƙanana ne masu yawa, suna fitowa a hammatar da ƙaramar saiwa ta rabu da babba. Na wake da waken suya sun fi girma, a mulmule.

Sai a tsaga manya guda biyar ko shida da reza. Ja ko ruwan hoda a ciki yana nufin ana aiki. Launin daga wani sinadari ne ɗan uwan wanda ke sa jini ja, shi ke daidaita iskar da ke isa ga ƙwayoyin. Fari a ƙaramin ƙurji yana nufin bai nuna ba tukuna, amma fari a babba lokacin fure yana nufin ƙwayar cima-zaune ce. Kore ko ruwan ƙasa mai laushi ya tsufa, abin da ake sa ran gani ke nan bayan ƴaƴa sun cika. In aka gan shi da wuri, a tuhumi ƙarancin ruwa ko kwanciyarsa. Ƙurajen suna numfashi, kwana biyu ko uku na ruwa kwance a fadama ya isa ya shaƙe su, shi ya sa kunya ke da amfani a bakin Gulbin Maradi.

Akwai abin da ke kama da su wanda ciwo ne na gaske, an fi ganinsa a filayen ban ruwa da aka yi tumatir ko kuɓewa: kumburin tsutsar saiwa. Ƙurjin rizobiyom yana manne a gefe, da an taɓa shi da farce ya ɓalle. Na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa, kuma babu ja a cikinsa. Haka nan idan ƙuduji ya kama wake, garin ba zai cece shi ba, sai a nemi iri mai jure masa kamar IT97K-499-35. Saboda waɗannan biyun ne ba mu ba da shawarar tsohuwar dabarar ɗebo ƙasa daga gonar wani a watsa a sabuwa. Tana kawo ƙwayoyin, amma tana iya kawo irin ƙuduji da tsutsa tare da su.

Gwaji a gonar mutum

Kafin a saya wa gandu duka, a gwada a gefe, ko a gamana. A auna fili huɗu, kowane mita 10 a kan mita 10, a wuri mai ƙasa iri ɗaya, nesa da gawo, da tsohon makwancin shanu, da gidan tururuwa. Na farko babu komai, na biyu supa kaɗai, na uku gari kaɗai, na huɗu gari da supa. Kilo 1 na supa a irin wannan fili daidai yake da buhu 2 a hekta. Iri ɗaya, rana ɗaya, tazara ɗaya, noma ɗaya. A fara shuka filayen da babu gari, da hannu da ƙwarya masu tsabta, sannan a koma masu gari, kuma a bar tazarar mita ɗaya tsakani, masu garin su kasance ta gangare don ruwa kada ya kwaso ƙwayoyin zuwa sauran. A girbe kowane daban, a auna ƙwaya da harawa. Abin da fili ya bayar, a ninka shi sau 100, shi ne na hekta. Idan na biyu da na huɗu sun yi kunnen doki, gonar supa take nema, ƙwayoyinta na gida sun wadatar.

Abin da ya rage wa hatsin baɗi

An sha tabbatarwa cewa hatsin da ya biyo bayan wake ko gujiya ya fi wanda ya biyo bayan hatsi. Amma mafi yawan naitrojin da aka ɗebo yana cikin ƙwaya da harawa, su kuwa duka barin gonar suke yi, harawa ma kuɗi ce a Maradi da rani, babu mai cewa a bar ta. Abin da za a iya yi shi ne a yanke wake daga gindi maimakon tugewa, saiwa da ƙurajenta su ruɓe a wurin, a bar ganyen da ya zuba, kuma takin dabbobin da suka ci harawar a mayar da shi gonar da ta fito. Gujiya tugewa ake yi dole, don haka ita ta fi buƙatar a mayar mata da taki.

A gonar waken suya, ƙwayoyin da aka shigar sukan ragu sosai a tsawon rani da zafin bazara, musamman a yashi. A sake shafawa duk shekarar da za a shuka shi.